Shin wanda aka rubuta sunansa a sama ya fi samun ƙuri'a?

Tambayar daga sakataren wata ƙungiyar manoman rani ce a yankin Kura, jihar Kano. Ya ce su kimanin 120 ne, kuma shi yake rubuta sunayen 'yan takara a takardar zaɓen shugabanni, wanda ya riga karɓar fom shi yake sa wa a sama. A zaɓukan baya na saman ne suka fi lashe kujeru, har wasu sun fara gunaguni cewa jerin ne yake ba su nasara. Shi kuwa a ganinsa kowa ya san wanda yake so tun daga gida. Yana so ya ji ko akwai ƙamshin gaskiya a maganar, da abin da ya kamata ya yi.

Malam Sakatare, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya, ba ka ɗauki masu ƙorafin a matsayin waɗanda suka faɗi suke neman hujja ba. Suna da gaskiya, sai dai ba duka ba. Gurbin da suna ya faɗa a jeri yana ƙara ƙuri'a ko ya rage, wannan an gwada shi an tabbatar a wurare da dama. Ba ya ɗaga wanda jama'a suka ƙi ya ɗora shi a kan wanda suke so. Amma inda takara ta yi kusa, ko inda masu zaɓe ba su san 'yan takarar sosai ba, yana iya zama shi ne ya raba gardama. Kuma tun da kai ne mai riƙe da biro, nauyin yana wuyanka ko ka yi niyya ko ba ka yi ba.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Joanne Miller da Jon Krosnick ne, wanda ya fito a 1998. Sun duba zaɓen 1992 a jihar Ohayo ta Amurka, inda doka ta sa ana jujjuya sunaye daga mazaɓa zuwa mazaɓa, ɗan takara ya zo a sama a nan, ya zo a ƙasa a can. Wannan ya ba su damar auna mutum ɗaya da kansa. A cikin takara 118, kusan rabi sun nuna tasirin jeri, kusan kullum na sama ne yake amfana, da ƙarin kimanin kashi 2 da rabi cikin 100. Wasu masu binciken, Jonathan Koppell da Jennifer Steen, sun duba zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a birnin Niyok na 1998. A takara 71 cikin 79, ɗan takara ya fi samun kaso mai yawa a wuraren da sunansa ya zo farko, kuma a 7 daga cikinsu ƙarin ya zarce tazarar da aka ci zaɓen da ita.

Ka ɗora lissafin Ohayo a kan ƙungiyarku don ka ga girmansa: kashi 2 da rabi na mutum 120, ƙuri'a 3 ke nan. Wanda ya ci da tazarar 40 ba jeri ne ya ba shi ba, kuma ka gaya wa masu gunaguni haka ba tare da shakka ba. Wanda ya ci da tazarar 2 ko 4 kuwa, ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an juya takardar sakamakon ba zai juya ba.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne inda tasirin yake ƙarfi. A Ohayo ya fi yawa a kujerun da ba a rubuta jam'iyya kusa da suna ba, da waɗanda ba a yi ta yayata su ba, da waɗanda babu mai ci a cikin 'yan takara. Daniel Ho da Kosuke Imai sun ga irin haka a Kalifoniya: a babban zaɓe 'yan takarar manyan jam'iyyu kusan ba sa jin komai, amma a zaɓen fidda gwani da wajen ƙananan jam'iyyu abin yana fitowa fili. Wato idan mutum yana da abin riƙewa, jeri ba ya motsa shi. Idan hannunsa wayam ne, sai ya riƙe jerin.

Nan ne maganarka ta cewa kowa ya san wanda yake so take da rauni. A kujerar shugaba na yarda da kai, an kwana ana maganarta a majalisa da bakin masallaci da gefen kanal. To ma'aji fa? Mai binciken kuɗi fa, da mataimakin sakatare? Manomin da gonarsa take ta ɓangaren Bunkure, an miƙa masa takarda da sunayen mutum huɗu daga wajen Garun Malam, ya san fuskar biyu, sauran ko gaisawa ba su taɓa yi ba, rana ta take, ga layi a bayansa, ga ruwa ya bari yana shiga fegi. Wannan mutumin ba zai tsaya auna huɗun ba. Kuma abin da yake damuna shi ne waɗannan kujerun da ake raina wa su ne masu riƙe da kuɗin ƙungiya.

Dalilin ba wauta ba ne, kuma ba rashin karatun boko ba ne, tun da mutanen Ohayo da Niyok sun iya karatu. Masanin nan Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya bayyana tun shekarun 1950 cewa mutane ba safai suke neman abin da ya fi kowanne kyau ba, suna neman wanda ya isa ne, da sun same shi sai su tsaya. Kamar mai sayen tumatir ne a Kwanar Gafan da mota take jiransa: ba zai buɗe kowane kwando a kasuwar ba, na farkon da ya ga ba laifi a kansa zai yi ciniki, ko da akwai wanda ya fi shi can ciki. Mai karanta jeri daga sama yana ba suna na farko cikakken hankalinsa, yana neman dalilin amincewa, kuma kusan kowane mutum za a samu wani abin kirki a ce game da shi. Kafin ya gangaro kan na huɗu, zuciya ta riga ta karkata, na huɗun sai ya zama dole ya ture wanda ya riga ya zauna.

Mu a nan akwai ƙarin wani abu. Jeri a wurinmu girma ne. Ka saurari duk mai buɗe taro: hakimi, sannan dagaci, sannan mai unguwa, sannan liman da sauran dattawa, ba mai kuskuren juya su. A katin ɗaurin aure haka ne, a sanarwar rediyo haka ne. Mutumin da ya tashi a cikin wannan tarbiyya, idan ya ga sakataren ƙungiya ya sa wane a sama, bai yi laifi ba idan ya fahimci cewa shi ne na gaba, ko shi ne wanda manya suke so. Kai ka san fom kawai ya riga karɓa. Shi bai sani ba, kuma takardar ba ta gaya masa ba. A ganina wannan ya sa ya kamata mu fi Turawa taka-tsantsan da maganar nan.

Sai dai ka kula, ba kullum na farko ne yake ci ba, ya danganta da ko ido ne ya ga jerin ko kunne ne ya ji shi. Krosnick da Duane Alwin sun yi bayanin wannan a 1987 game da tambayoyin jin ra'ayi: abin da aka nuna wa mutum a rubuce, na farkon yake rinjaye, abin da aka karanta masa da baki kuwa na ƙarshen ne, domin shi ne yake sabo a kunne lokacin da mai tambaya ya yi shiru. Duk wanda ya yi aikin zagayawa ƙauyuka da takardar tambayoyi ya san wannan. Ka ce da manomi, "Baba, wace ce babbar matsalarka, taki ne, ko iri, ko ruwa, ko ƙwari, ko kasuwa?" Sau da yawa zai kama ta ƙarshen ya yi ta bayani a kai, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, don dukkansu suna damunsa. Ka juya jerin a gida na gaba, sai ka ji wata ta taso. Shi ya sa nake jin tsoron rahoton da zai ce manoman wuri kaza sun ce babbar matsalarsu kaza ce, alhali duk an karanta musu jerin a tsari ɗaya. Da irin wannan rahoton ake yanke shawarar abin da za a kawo wa gari.

Haka kuma inda ake ganin mutane ɗaya bayan ɗaya ana ba su maki. Wändi Bruine de Bruin ta nuna a 2005 cewa a gasar waƙa ta ƙasashen Turai da gasar zamiya a kan ƙanƙara, waɗanda suka fito daga baya sun fi samun maki, kuma an ga irin haka a babbar gasar kiɗa ta Sarauniya Elisabeth a Beljiyam, inda da ƙuri'a irin ta canki-canka ake tsara fitowa. Masu shirya musabaƙa da kacici-kacicin makarantu su riƙe wannan. Ku ma ya shafe ku idan kuna ba 'yan takara dama su yi jawabi kafin zaɓe, domin mai magana a ƙarshe shi ne muryarsa take raka mutane zuwa akwati.

Za ka iya cewa bari ka tambayi mambobi ko jeri ya ja su. Kada ka wahalar da kanka, kowa zai ce a'a, kuma ba ƙarya yake yi ba. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun ba da labarin gwajin da suka jera safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Ta ƙarshen dama ta fi ta ƙarshen hagu samun masu zaɓe kusan ninki huɗu. Da aka tambaye su dalili, sai suka kawo maganar laushi da saƙa, ba wanda ya ambaci gurbi, da aka tambaye su kai tsaye kuma kusan duka suka musanta. Abin yana aiki ne a inda mai shi ba ya gani.

Idan jeri ya yi tsawo, 'yan tsakiya ne suke shan wahala. Eran Dayan da Maya Bar-Hillel sun gwada da takardar jerin abinci a 2011, suka ga abin da yake farko ko ƙarshen rukuninsa yana iya samun masu zaɓe har ninki biyu na lokacin da aka sa shi a tsakiya. Mu ma mun ɗanɗana dogon jeri. Takardar zaɓen INEC tana jera jam'iyyu ne bisa haruffan taƙaitaccen sunansu, da alamar kowacce, babu sunan ɗan takara. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 'yan takara 73 ne, takarda kamar tabarma. Jam'iyyar PCP, wadda mutane ƙalilan ne suka san da ita, ita ta zo ta uku, kuma masu sharhi da yawa sun danganta hakan da maƙwabtakarta da PDP a takarda da kamannin haruffansu. A 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74, zaɓen 2023 aka yi shi da 18. Darasin a gare ku shi ne maƙwabci ma yana da tasiri: sunaye biyu masu kama, Sani biyu ko Garba biyu, kada a bar su ba laƙabi ba hoto.

To me za a yi? Tsarin da kake bi yanzu, na wanda ya riga karɓar fom, ina ba ka shawara ka bar shi. Yana ba da lada ne ga wanda gidansa yake kusa da naka, ko wanda ya riga jin labari, kuma ko da zuciyarka fara ce ba ka da yadda za ka nuna wa mai zargi cewa ba kai ka tsegunta wa wani ba. Bin haruffa ma ba adalci ba ne, kamanninsa kawai yake da shi. Abdullahi da Abubakar da Adamu za su zauna a sama har abada, Usman da Yakubu da Zakari a ƙasa, kan abin da ba su suka zaɓa ba tun ranar suna. Ostareliya ta yi shekaru tana bin haruffa a zaɓen majalisar wakilanta, har aka san masu cika takarda daga sama zuwa ƙasa ba tare da dubawa ba, sai a 1984 ta koma fitar da jerin da ƙuri'a irin ta canki-canka. Sa mai ci a sama kuwa ya fi duka muni, an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ke nan. A jihar Fulorida doka tana sa ɗan jam'iyyar gwamna a sama, kuma a can ne aka raba zaɓen shugaban Amurka na 2000 da ƙuri'a 537.

Mataki na farko shi ne ƙuri'ar hula: a rubuta sunaye a takardu masu girma ɗaya, a naɗe, a zuba a hula, a kira yaro ya ɗauko a gaban 'yan takara ko wakilansu. Ba baƙon abu ba ne a addini. Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Kalifoniya tun 1975 take fitar da haruffa da ƙuri'a ta tsara sunaye da su. Amfanin hula shi ne ta wanke ka, kuma ta kashe fassarar cewa na sama shi ne na manya, muddin an yi ta a bainar jama'a an kuma sanar ranar zaɓe cewa haka aka yi.

Amma hula ba ta kawar da ribar, ta miƙa ta ne ga mai rabo. Wanda ya fito farko zai ci ƙarin nan shi kaɗai. Abin da yake kawar da ita shi ne jujjuyawa, irin wadda tsibirin Tasmaniya ya ɗauka a 1979. A wurinku ba wuya. A ce mutum huɗu ne suke neman ma'aji, mambobi 120. Ka fitar da jeri da hula, sannan ka buga takarda iri huɗu, 30 kowanne. A iri na biyu, na saman ya koma ƙasa, kowa ya matsa sama da taki ɗaya, haka har kowa ya ɗanɗana sama da ƙasa da tsakiya daidai da ɗan'uwansa. Shagon kwamfuta a Kura zai yi maka wannan cikin ɗan lokaci, kuɗin kusan ɗaya ne da na buga iri guda. Sai ka cakuɗa takardun sosai kafin rabawa, kada mutanen ƙauye ɗaya, waɗanda yawanci tare suke zuwa, su tashi da iri ɗaya.

Wurin da jujjuyawa take kawo matsala biyu ne, kuma gara ka shirya musu. Na ɗaya ƙirge: masu ƙirga su bi suna, kada su bi gurbi, mafi sauƙi a ware takardu tuli-tuli bisa wanda aka zaɓa sannan a ƙirga kowane tuli da ƙarfi. Na biyu shi ne dattijon da ba ya karanta boko, wanda ɗansa ya gaya masa a gida cewa ya dangwala a na biyu. Idan ka juya jeri ba ka sanar ba, ka cuce shi fiye da yadda tsohon tsarin yake cutar kowa. Don haka sanarwa tun mako guda kafin zaɓe wajibi ce, kuma kowane suna ya zo da hoton mai shi, ko alamar da ya zaɓa, fartanya ko buhu ko injin ban-ruwa. Idan da hali a ƙara sunan da ajami. A jera daga sama zuwa ƙasa, kada a jera a kwance, domin mai boko daga hagu yake farawa, mai ajami daga dama, sai farkon ya zama biyu.

Idan kuma wata rana aka ce a bar takarda a ɗaga hannu, ka yi iya ƙoƙarinka ka hana. Da an kira suna na farko, kowa yana satar kallon hannun mai unguwa da na wanda yake ba shi bashin taki, kuma wanda ya ɗaga ya kashe ƙuri'arsa tun bai ji sauran ba. Ga kunyar a ga hannunka a ƙasa alhali surukinka ake kira. Ƙato bayan ƙato ya ɗan fi, tun da 'yan takara duk a lokaci ɗaya suke tsayawa, amma shi ma layin da ya fara tsawo yana jan masu shakka. In ba makawa sai an yi da baki, a karanta sunayen duka sau biyu, na biyun daga ƙasa zuwa sama, kafin kowa ya motsa. Jawabin 'yan takara shi ma a fitar da tsarinsa da hula dabam, kada wanda yake saman takarda ya zama shi ne kuma mai rufe magana.

Akwai jerin da ya fi na zaɓe zafi a ƙungiya irin taku, wato na rabon taki da iri da bashi da zagayen ruwa. A can ba maganar karkatar zuciya ba ce, kaya ne suke ƙarewa kafin a kai ƙasa. Idan jeri ɗaya ake ɗaukowa duk shekara, mutane ɗaya ne suke komawa gida hannu rabbana duk shekara. Ku riƙa farawa daga inda aka tsaya bara.

Zaɓukan da suka wuce kuwa ban ga dalilin tayar da su ba. An yi su bisa ƙa'idar da kowa ya sani a lokacin, kuma ba wanda zai iya nuna ƙuri'ar da jeri ya kawo da wadda cancanta ta kawo. Ka kai maganar babban taro tun kafin a buɗe karɓar fom na gaba, lokacin da ba wanda ya san ko shi tsarin zai amfana ko abokin takararsa, a amince, a rubuta a kundin dokokin ƙungiya: hula a gaban wakilai, takarda mai jujjuyawa, hoto kusa da kowane suna. Bayan zaɓen ka ajiye takardun, ka ware su iri-iri, ka ƙirga abin da kowane ɗan takara ya samu lokacin da yake sama da lokacin da yake ƙasa. Takarda 30 ba su da yawa, zaɓe ɗaya ba zai nuna maka abin dogaro ba, sai ka tara na kujeru duka da na zaɓe biyu ko uku kafin ka karanta wa mambobi sakamakon.